Kandiah da Wasan Awa Uku

A garin Taiping, inda ruwan sama ba ya jiran damina, akwai wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai suna Kandiah. Shekara talatin da huɗu ya yi yana ba jirage hannu a tasha, amma ba da wannan aikin aka san shi ba. Da wasan kurket aka san shi. Idan ya ɗauki faffaɗar sandarsa ya tsaya a gaban turakun nan uku, to masu jifa sun shiga uku, domin ba ya dukan ƙwallo ya ci maki, ba kuma ya bari ta wuce ta taɓa turaku a fitar da shi. Tarewa kawai yake yi, ƙwallo ta faɗi a gaban ƙafarsa kamar an kashe ta. Abokan wasansa suka laƙaba masa Shinge, wai kamar shingen da ake saukewa idan jirgi zai ratsa titi: in ya sauka, kowa sai ya jira.

Duk shekara, a hutun watan Agusta, kulob ɗinsu na karawa da mutanen Ipoh, wasan kwana biyu cur, Asabar da Lahadi, da fararen kaya da jar ƙwallo. A shekarar 1988 mutanen Ipoh sun riga sun yi musu nisa, ba maganar cin wasa, sai dai a hana su ci. Kandiah ya shiga tun hantsin Lahadi, bai fita ba har rana ta faɗa bayan duwatsu, aka tashi canjaras. Maki arba'in da ɗaya kacal ya ci a wunin nan. Matarsa Pushpam, wadda a lokacin amarya ce, ta zauna a ƙarƙashin bishiya da kwanon abinci mai hawa uku har shinkafar ta yi sanyi. Da ya fito ta ce masa, "Wuni guda kana tsaye ba ka yi komai ba, kuma ga mutane suna ɗaga ka sama. Ni dai ban gane ba." Har ta rasu ba ta gane ba, amma ba ta taɓa fashin zuwa ba.

Yanzu shekararsa sittin da ɗaya. Pushpam ta cika shekara uku da rasuwa, 'yarsu guda Vasuki tana aure a Melbourne. Abokan wasansa wasu sun mutu, wasu gwiwa ta zaunar da su, wasu 'ya'yansu sun kwashe su zuwa Kuala Lumpur. A bara mutum tara kawai suka samu maimakon sha ɗaya, sai da mutanen Ipoh suka ara musu biyu.

Wata safiya cikin watan Yuni, sakataren kulob ɗin ya kira shi shan shayi. Sunansa Sukhdev, ɗan wani tsohon abokin wasan Kandiah ne, a gabansa aka haife shi. Suka zauna a shagon da ke kusa da kasuwa, aka kawo musu shayi mai kumfa da roti, wato gurasar ƙasar. Sukhdev ya yi ta juya kofi, bai sha ba.

"Kawu, bana ba za a yi wasan kwana biyu ba."

"Me ya faru? Mutanen Ipoh ne suka ji tsoro?"

"Za a yi wasa da su. Amma na zagaye ashirin. A fara ƙarfe biyu, a tashi ƙarfe biyar."

Kandiah ya ajiye rotin da ya yago. Zagaye ɗaya jifa shida ne. Zagaye ashirin, jifa ɗari da ashirin ke nan ga mutum sha ɗaya gaba ɗaya. Shi kaɗai ya sha tare jifa ɗari biyu a wuni.

"Awa uku?" ya ce. "Ni a awa uku ko gumi ban fara ba."

"Kawu, wa zai ba ni kwana biyu? Yaran da nake da su yanzu 'yan masana'antar safar hannu ne na Kamunting. 'Yan Bangladesh, 'yan Nepal, 'yan Pakistan biyu. Awa goma sha biyu suke yi a tsaye, kwana shida a mako. Lahadi kaɗai gare su, a cikinta za su yi wanki, su yi girki, su kira gida."

"To su je su buga ƙwallon ƙafa mana."

"Idan suka tafi, filin ma tafiya zai yi. Ka san hukuma ta rubuto sau biyu tana tambaya ko har yanzu ana amfani da shi. Hoton me zan aika musu? Kai da tsohon abokinka Kawu Pestana kuna tura abin daddale ƙasa?"

"Ubanka da yana raye da ya kwance rawaninka ya ɗaure ka da shi."

Sukhdev ya yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba. "Baba da kansa ya daina zuwa shekara biyar kafin ya rasu. Ya ce ya gaji da kallon kujerun da ba kowa a kansu."

Kandiah ya shanye shayinsa, ya miƙe, ya hau kekensa. Washegari ya kai makullin ɗakin kaya ya rataye a ƙofar gidan Sukhdev, ba tare da ya yi sallama ba.

Makonnin da suka biyo baya sun yi masa tsawo. Da can makonsa a tsare yake: Talata yanke ciyawa, Alhamis daddale filin jifa, Asabar shafa farin fenti a layuka. Yanzu ya tashi ya share gida, ya shayar da bishiyar kori mai ganyen miya da Pushpam ta dasa, ya karanta jarida har tallace-tallace, ya duba agogo ya ga ƙarfe tara ba ta yi ba. Da la'asar ruwa ya sauko kamar kullum, ya zauna a baranda yana kallon yadda yake zuba daga kwano. Wani lokaci sai ya kama kansa yana tunanin ko an rufe filin jifa da tamfol, sai ya tuna ba ruwansa.

Vasuki na kira duk ranar Laraba.

"Baba, kana cin abinci?"

"Ina ci."

"Me ka ci yau?"

"Abinci."

"Ka zo nan mana. Akwai babban fili a garin nan, ana wasan kwana biyar, irin wanda kake so."

"In je in kalli wasu? A cikin sanyin nan naku?"

Da ta ajiye wayar sai gidan ya ƙara yin shiru fiye da kafin ta kira.

Lahadi ta uku ya kasa haƙuri. Ya ce wa kansa zai je lambun tafki ne ya sha iska, amma keken ya bi hanyar da ya saba. Bai shiga filin ba. Ya tsaya can nesa a ƙarƙashin wata tsohuwar bishiya, ya jingina keken.

Abin da ya gani ya ɗaure masa kai. Mutane sun fi ɗari biyu. Babura jere a bakin titi, wani ya kunna kiɗa a lasifika, wani na sayar da soyayyen wake a takarda. 'Yan wasa sanye da riguna kore da ruwan lemo, ƙwallon fara. Mai bugu na rufe ido ya kai duka kamar mai saran itace, ƙwallo ta tashi sama ta faɗa bayan layi, filin ya ɗauki ihu da harsuna uku. Jifa biyu bayan nan an fitar da shi, ya fito yana dariya, ko a jikinsa. A zamanin Kandiah wanda aka fitar haka sai ya kwana biyu bai haɗa ido da kowa ba.

Tun 1988 bai ga taro irin wannan a filin ba. Wannan ne ya fi ba shi haushi. Ya dawo Lahadi ta gaba, da ta gaba, kullum a gindin bishiyar nan, kullum shi kaɗai, yana tsaki.

Ranar wasa da mutanen Ipoh, yana tsaye a wurinsa sai ga Sukhdev ya nufo shi da sauri, yana haki.

"Kawu, ka rufa mini asiri. An riƙe mutum biyu a wurin aiki, na samu ɗaya, saura ɗaya. Ka tsaya mana kawai. Na ƙarshe zan sa ka, wataƙila ma ba za a kai kanka ba."

"Ba ni da rigar lemo."

"Ka shiga da farar ka. Na san tana cikin jakar keken nan."

Tana ciki kuwa, a goge, da sandarsa a ɗaure a gefe. Kandiah ya ji kunya ta kama shi kamar an kama shi da sata. Ya bi shi.

An kai kansa. Yaran sun yi ta duka ana fitar da su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage jifa tara, ana neman maki goma sha uku a kamo 'yan Ipoh, ba kowa sai shi da wani ɗan Nepal. Ya ratsa filin da fararen kayansa, 'yan kallo suka yi ta tafi da shewa, wani ya ɗaga murya ya ce, "Ga liman ya zo addu'a!" Aka bushe da dariya.

Mai jifan Ipoh saurayi ne mai gudu. Ya sako ta farko. Kandiah ya san abin da ake so ya yi, ya ma ƙudura a ransa zai yi. Amma ƙafarsa ta hagu ta riga shi yanke shawara. Ta fita gaba, kai ya sunkuya a kan ƙwallo, sanda ta sauka a miƙe, ƙwallo ta mutu a gabansa. Tarewa ce mai kyau, irin wadda ake koya wa yara. Sai wani ya ce, "Kawu, duka ake yi!"

Ta biyu ma haka. Ta uku ya yunƙura zai kai duka, hannun ya ƙi, ƙwallo ta gangara kusa, ko maki ɗaya ba su samu ba. Ɗan Nepal ya dafe kai. A zagaye na ƙarshe ɗan Nepal ya yi iya yinsa, ya ci tara, aka cinye su da maki huɗu. Ba a fitar da Kandiah ba. Jifa uku ya fuskanta, bai ci ko ɗaya ba.

Ba wanda ya zage shi. Da sun zage shi da ya fi masa sauƙi. Suka dinga dafa kafaɗarsa suna cewa, "Ba komai, Kawu, ka yi ƙoƙari," irin yadda ake lallashin majinyaci. Sukhdev ya kawo masa kujera da ruwan kwakwa. Bai zauna ba. Ya ɗaure sandarsa a keke ya tura shi da ƙafa har gida, ruwa ya same shi a hanya, bai nemi wurin fakewa ba. Da ya isa ya sa sandar a saman kabad, can baya, inda sai an taka kujera.

Asabar da ta biyo, da yamma lis, aka yi sallama a ƙofar gidansa. Wani mutum ne siriri, zai yi shekara talatin da takwas, da gemu ɗan kaɗan, sanye da rigar masana'anta. Kandiah ya gane shi: ɗaya daga cikin 'yan Bangladesh ne, mai jifa da hannun hagu.

"Sunana Mofizul, Kawu. Sukhdev ne ya kwatanta mini gidan."

"In dai ban haƙuri ka zo yi, an riga ka."

"A'a. Tarewar nan ta farko na zo yi wa magana. Shekara shida ina ƙasar nan, ban ga mutum ya tare ƙwallo haka ba."

Kandiah ya dube shi ko ba'a yake yi. Mutumin ya sa hannu a aljihu ya ciro ƙwallo ja, tsohuwa, ɗinkinta ya fara tashi.

"Daga Bogura na zo da ita. A can na yi wasan kwana uku, ina saurayi. Ni mai murɗa ƙwallo ne, Kawu. Aikina tarko ne. In ba mutum wannan, in ba shi waccan, in bar shi ya saki jiki, bayan awa guda in kama shi. A nan jifa ashirin da huɗu kawai ake ba ni. Kafin in gama gaisawa da mutum an ce lokacina ya ƙare. Kuma duk mahaukata ne, ba wanda ke tsayawa a yaudare shi."

Kandiah ya ji dariya ta taso masa, ya danne ta. "To me kake so?"

"Ina so in fitar da kai."

"Waɗanda suka fi ka sun gwada."

"Shi ya sa na zo."

Kandiah ya shigo da shi, ya dafa shayi. Rabon da wani ya zauna a kujerar baƙi tun zaman makokin Pushpam, sai da ya kakkaɓe ta. Suka shirya: gobe Lahadi ƙarfe bakwai na safe, kafin kowa ya zo, awa ɗaya da rabi, don kada hannun Mofizul ya gaji kafin wasan rana. Ba lissafin maki. Kandiah zai tsaya har sai an fitar da shi, in ba a fitar da shi ba a ci gaba wani makon daga inda aka tsaya.

Da safe ciyawa jiƙe take, hazo bai gama sauka daga kan duwatsu ba. Suka kafa turaku a cikin ragar atisaye. Mofizul ya zo da robobin ruwa guda biyar a leda, ya jera su nan da can.

"Waɗannan su ne masu tsarona. In ƙwallo ta tashi sama ta nufi ɗaya, an cafke ka. Wancan na kusa da ƙafarka sunansa Babul, ba ya yarwa."

"Ka ce masa ya matsa baya, kada in fasa masa kai."

Jifar farko ta taso a hankali, ta yi lilo a iska, ta sauka ta karkata waje. Kandiah ya fita ya tare. Ya ji ta a tsakiyar sanda, wannan ƙarar mai taushi da jar ƙwallo kaɗai ke bayarwa. Ya ɗauko ta ya mirgina masa. Bayan jifa talatin Mofizul ya dube shi.

"Kawu, ba ka gajiya da tarewa?"

"Kai ka gaji da jifa?"

Mutumin ya iya. Kandiah ya gane haka tun kafin rabin awa. Kowace jifa da ɗan bambancinta: wannan ta fi tsawo da taki guda, waccan ta fi jinkiri, wata ta fi murɗawa. Tambayoyi yake yi masa, shi kuma yana amsawa. Rabon da wani ya yi masa irin wannan tambayar har ya manta. Da lokaci ya cika rigarsa ta jiƙe sharkaf, ba a fitar da shi ba.

Suka je shagon kusa da kasuwa suka ci roti da miyar wake. A nan Kandiah ya buɗe baki, ya zazzage duk abin da ke cikinsa game da wasan awa uku: ya kashe haƙuri, ya kashe kunya, ya mayar da masu jifa bayin masu bugu, nan da shekara ashirin ba za a sami yaron da ya san yadda ake tsayawa ba. Mofizul na ci yana gyaɗa kai.

"Duk gaskiya ne," ya ce. "Amma ni, Kawu, shekara biyu na farko a nan ban taɓa ƙwallo ba. Daga ɗaki sai injin, daga injin sai ɗaki, mu goma sha biyu a ɗaki ɗaya. Na zo nan filin sau ɗaya, na ga kuna wasa da fararen kaya, na tsaya a bakin titi. Ba wanda ya ce mini shigo. Ko da an ce, ina zan samo kwana biyu?"

Kandiah ya yi ƙoƙarin tuna ko ya taɓa ganin wani a bakin titi. Bai tuna ba. Ba ya duban bakin titi a lokacin.

"Wasan da kake zagi shi ya shigo da ni," in ji Mofizul. "Ban ce yana da kyau ba. Na ce shi ya shigo da ni."

Lahadi ta biyu ruwa ya katse su bayan minti arba'in, suka fake a ɗakin kaya suna kallonsa, Mofizul ya nuna masa hoton 'ya'yansa mata biyu a waya, ƙaramar bai taɓa ɗaukarta ba. Lahadi ta uku ƙwallo ta ci gefen sandar Kandiah ta tashi kaɗan, ta faɗi taki ɗaya kafin robar da ake kira Babul. Mofizul ya yi ihu ya ɗaga hannu biyu.

"Ta faɗi ƙasa," in ji Kandiah.

"Babul zai yi tsalle!"

"Babul roba ne."

Suka yi ta musu kamar yara, har Mofizul ya haƙura, ya ce zai sallami Babul daga aiki.

A tsakanin Lahadi da Lahadi Kandiah ya koma yanke ciyawa, ba tare da ya ce wa Sukhdev komai ba, shi ma Sukhdev bai ce komai ba, sai dai makullin ya dawo ƙofar gidan Kandiah. A baranda yakan tashi tsaye da tsintsiya a hannu yana gwada yadda zai tari wadda ke karkata waje. Da Vasuki ta tambaye shi me ya ci, ya lissafa mata har da ayaba.

Lahadi ta huɗu gari ya waye tas. Mofizul bai yi wasa da robobi ba, bai yi ba'a ba. Ya jera su ya koma wurinsa. Awa guda yana jifa, kowace tana sauka wuri ɗaya tana karkata waje, kamar yadda ta yi mako uku. Kandiah ya saba da ita har ƙafarsa na zuwa wurin kafin ƙwallon ta iso. Saura minti goma lokaci ya cika, wata ta taso, hannu iri ɗaya, lilo iri ɗaya, ta sauka a wurin nan dai. Ya fita ya ajiye sanda inda za ta karkato. Ba ta karkata ba. Ta zarce a miƙe ta tsakanin sanda da ƙafarsa, ya ji ƙarar katako a bayansa.

Ya juya. Turken tsakiya ya kwanta.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya cire hularsa, ya sa sandar a hammata, ya tafa hannu sau uku, shi kaɗai a filin da ba kowa. Abin mamaki, ba baƙin ciki ya ji ba. Wani sanyi ne ya sauka a ƙirjinsa, irin na wanda aka yi wa kyakkyawar fahimta.

"Tun yaushe kake da wannan?"

"Tun ranar farko, Kawu. Mako uku ina yi maka ƙarya saboda ita."

"Ɗan banza."

Mofizul ya yi dariya har ya durƙusa. Sannan ya tashi ya fara tattara robobinsa, bai dubi Kandiah ba ya ce, "Dole ce ta sa na sako ta yau. Takardar izinin aikina ta ƙare. Ranar Alhamis zan tafi gida."

Kandiah ya tsaya da hula a hannu. "Ba ka faɗa mini ba."

"Da na faɗa, da ka ji tausayina ka ba ni turken. Ba na so."

"Ni? Ko uwata ce ke jifa ba zan ba ta ba."

"To ka gani. Da sai a tashi canjaras."

Suka je suka ci roti kamar kullum. Kandiah ya so ya ce wani abu, ya rasa ta inda zai fara, sai ya yi ta ba shi shawara a kan kafaɗarsa, ya riƙa shafa mai da ɗumi. A bakin shagon Mofizul ya kama hannunsa da hannu biyu, ya ce a yafe masa in ya yi wani laifi. Ya hau bayan babur ɗin wani abokinsa suka tafi.

Sai ranar Juma'a Kandiah ya tuna bai karɓi lambarsa ta gida ba. Ya tambayi Sukhdev, ya ba shi wadda yake da ita, ta nan ƙasar. Ya kira, aka ce layin ba ya aiki. Ya tambayi 'yan ɗakinsu ranar Lahadi, wani ya ce zai nemo masa, wani ya ce ai Mofizul biyu ne, wanne? Maganar ta tsaya a nan.

Wasan kwana biyu bai dawo ba. A shekarar da ta biyo mutanen Ipoh ma ba su tambaya ba. Filin kuwa ya rayu, har aka kafa ƙungiyoyi shida, hukuma ta daina rubuto wasiƙa. Sukhdev ya roƙi Kandiah ya riƙa yi musu alƙalanci, tunda ba wanda ya kai shi sanin doka kuma ba wanda zai yi masa musu. Ya ce zai yi tunani, ya yi mako biyu yana tunanin, sannan ya karɓa.

Haka yake tsayawa duk Lahadi a tsakiyar fili, da faffaɗar hula, rigunan sanyin 'yan wasa ɗaure a ƙugunsa, ƙwallo na wucewa ta saman kansa, kiɗa na tashi. Suna girmama shi. Suna kawo masa ruwa, suna kiransa Kawu, idan ya ɗaga yatsa mutum ya fita ba gardama. Bai canza ra'ayinsa a kan wasan ba, kuma ba wanda ya tambaye shi. Wani lokaci idan sabon mai jifa ya zo, yakan lura da yatsunsa, ya ga ko mai murɗawa ne, ko yana da haƙuri. Yawanci ba su da shi.

Ƙarfe biyar ake tashi. Cikin minti goma babura sun watse, mai soyayyen wake ya kife kaskonsa, sai takardu da iska ke ja a kan ciyawa. Kandiah ya tumɓuke turaku shida, uku a kowane ɓangare, ya goge ƙasar da ke gindinsu, ya kai ɗakin kaya. Ya ja tamfol shi kaɗai, kusurwa ɗaya bayan ɗaya, ya danne da bulo. Rana ba ta faɗi ba tukuna, da sauran haske mai yawa, wanda zai isa a yi zagaye goma sha biyar ko fiye. Ya tsaya ya dubi sama, ya ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ya kulle ɗakin ya nufi inda ya jingina kekensa.